Ranar da Matuƙin Jirgin Ya Ci Tuwo a Gidanmu

Ina tsaye gaban allo ina yi wa 'yan aji huɗu lissafi wayata ta fara ruri a cikin jaka. Ba na ɗaukar waya a aji, amma da na leƙa na ga Yaya ne, sai na fita baranda. Ko sallama bai yi ba.

"Na same shi! Ke, na same shi! Ranar Asabar zai zo gidanmu!"

"Wa ka samu, Yaya?"

"Mai jirgin mana! Wa nake nema tun bara?"

Na saki wata irin ƙara da ta sa hedimasta ya leƙo daga ofishinsa da biro a baki. Na ce masa lafiya lau, alheri ne. Na koma aji na rubuta bakwai sau takwas sittin da biyu, yara suka yi ta kallona, har wata ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, ba haka kika faɗa jiya ba."

Yaya shi ne babba a ɗakinmu, saje ne a sojan ƙasa. A daminar da ta wuce kafin wannan waya, 'yan bindiga suka yi musu kwanton ɓauna a wani daji, a bakin kogi, inda motarsu ta kafe a laka. Harsashi ya fasa masa cinya. Jirgi mai saukar ungulu ne ya sauka ana tsakiyar ruwan wuta, ya kwashe shi da sauran waɗanda suka ji rauni. Ya yi watanni a asibiti, sannan ya dawo mana Suleja da sanda a hannu da ƙafa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa sosai. Tun da ya fara iya zama, ba shi da magana sai ta matuƙin nan. Bai ga fuskarsa ba, ƙeyarsa kawai ya gani a cikin hular kwano. Ya yi ta bugun waya, wannan ya haɗa shi da wancan, wancan ya ce an yi wa mutumin canjin wurin aiki, har dai Allah ya sa aka dace.

Da na koma gida a unguwar Wambai na tarar Inna, mahaifiyarmu, ta riga ta fito da manyan tukwanen da ba a taɓa su sai biki. Tana zaune a kan turmi ta zuba tagumi.

"Zo nan, ke da kika yi boko," ta ce. "Me matuƙan jirgi suke ci?"

"Abinci, Inna."

"Wane iri? Mutumin da yake yini a sama ai ba zai ci abu mai nauyi ba."

Yaya ya ce mata ya ji mutumin Filato ne, kuma Kirista. Inna ta ce to sai me, Kirista ba ya da ciki ne? Nan take ta yafa mayafi ta shiga gidan maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Filato da muke kira Maman Biyu, ta tambaye ta abin da ake yi wa babban baƙo a garinsu. Maman Biyu ta ce gwaten acca. Ta kuma ce ita za ta tuƙa shi da hannunta, don ba za ta yarda a ɓata wa ɗan garinsu baki ba. Inna ta ce ta ji, amma tuwon shinkafa da miyar taushe da masa nata ne, babu mai taɓa mata su.

Kwana biyu gidanmu bai zauna ba. Kawu, ƙanen Inna, wanda ke sayar da tayoyi a bakin titi, ya zo da rago a bayan tsohuwar motarsa, ya ce ko kaza aka yanka wa wannan bawan Allah an ci mutuncin zuri'a. Aka shafa wa zaure farar ƙasa. Aka ari kujerun roba. Ni kuwa na kai ɗinki ranar Alhamis na tsaya a kan tela har ya gama. Yaya ya goge takalminsa sau uku, ya tsaya gaban madubi yana gwada sarawa, yana sake gwadawa, wai ya manta yadda ake ƙamewa da sanda a hannu. Duk wanda ya shigo sai ya zaunar da shi ya ba shi labarin ranar daga farko. A labarin nasa, shi dai yana kwance cikin jini ya dafe cinya, ko tari bai yi ba har aka ɗauke shi.

Ni a raina na riga na gama zana mutumin. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, da baƙin tabarau, da murya irin wadda idan ya yi gyaran murya kaji za su watse.

Ranar Asabar da hantsi ya kira ya ce motar haya ya shigo daga Kaduna, zai sauka a tashar Diko, a wajen gari. Muka shiga motar Kawu, ni da Yaya. Diko ta cika kamar kullum, manyan motoci sun yi layi, masu doya sun jera tsibi-tsibi, mata masu fura suna ratsawa tsakanin motoci, 'yan kamasho suna ta ihun Minna da Kaduna. Muna tsaye muna dube-dube, sai ga wata mota ta tsaya, wani ƙato ya fito, dogo, da baƙin tabarau, daidai yadda na zana shi. Kafin Yaya ya ce wani abu, Kawu ya ruga ya rungume shi.

"Jarumi! Barka da zuwa, jarumi! Allah ya yi maka albarka!"

Mutumin ya tsaya ƙiƙam, hannuwa a sama. "Alhaji, lafiya? Doya na zo saye."

Ina dariya har na dafa motar wani, sai na ji an ce a bayana, a hankali, "Sannu, Malama. Ko ku ne 'yan gidan Saje?"

Na juya. Wani ɗan siririn mutum ne, bai fi ni tsawo ba, da riga mai gajeren hannu da 'yar jaka a baya, riƙe da ledar burodi. Da a makarantarmu na gan shi, cewa zan yi sabon malamin kimiyya ne aka turo. Hausarsa irin ta mutanen Jos ce, mai laushi, ba ta matsa haruffa.

Yaya ya ji muryar. Sai na ga sandarsa ta faɗi ƙasa. Ya ƙame a kan ƙafa ɗaya da rabi, ya sara.

"Sa!"

"Haba Saje, a tasha muke," in ji mutumin. Ya sunkuya ya ɗauko sandar ya miƙa masa. Yaya bai karɓa ba. Ya rungume shi da burodin da jakar gaba ɗaya, ya ɗaga shi sama har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Masu doya suka taru. Kawu ya saki ƙaton nan ya dawo yana shelanta wa duk tashar ko wane ne wannan, har wata mai fura ta ce sai ya sha nata kyauta.

Muka sa shi a gaba, ni da Yaya a baya. To, Kawu dama tuƙinsa sai addu'a, ranar kuma murna ta ƙara masa wuta. Ya figi motar nan, yana wuce tireloli, yana danna oda, yana juyowa yana yi wa baƙo hira hannu ɗaya a sitiyari. Na lura mutumin ya kama mariƙin da ke saman ƙofa da hannu biyu. Da muka zo wuce wata tanka, wata motar kuma na tahowa, sai na ji ya ce, "Baba, don Allah a hankali."

Kawu ya dube shi. "Kai da kake shiga cikin harsashi?"

"Can ni nake riƙe da abin, Baba. Nan kuwa kai ne."

Yaya ya yi dariya har ya ƙware. Ni kuwa na toshe baki da mayafi, hawaye na zuba. Har muka shigo gari, Dutsen Zuma na can gefe ya sha hadari, mutumin bai saki mariƙin nan ba. Da motar ta tsaya a bakin layinmu na ji ya sauke numfashi ya ce, "Na gode wa Allah."

Layin ya cika. Mata suka saki guɗa, maza suka yi ta miƙo hannu. Maman Biyu ta tare shi da yarensu, ya amsa, ta buga tsalle kamar yarinya. Inna tana tsaye a tsakar gida cikin atamfar da ta ajiye tun auren ƙanwata. Kwana biyu tana shirya abin da za ta faɗa masa, har ta gwada mini sau biyu a kicin. Ya shigo ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, ina wuni?"

Inna ta matso kusa da shi. Ta kama hannuwansa biyu, ta juya tafin, ta juya bayan, tana dubawa kamar mai zaɓen atamfa a kasuwa. Can ta ce, "Waɗannan ne? 'Yan ƙananan nan?"

"Su ne, Mama."

Ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Jawabin nan har yau ba ta yi shi ba. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Ai ba sa ba ka abinci a wurin aikin nan. Tashi, ɗana, tashi ka ci."

Ya ci kuwa. Ban taɓa ganin siririn mutum ya ci abinci haka ba. Ya fara da gwaten Maman Biyu, ya rufe ido ya ce tun rasuwar kakarsa bai sha irinsa ba. Inna ta ɗan ɓata rai, ta turo masa tuwo. Ya ci malmala biyu. Ta turo masa masa da romon rago. Maman Biyu ta ƙara gwate. Suka sa shi a tsakiya, kowace tana lura da kwanon da hannunsa ya fi zuwa, shi kuma ya gane, sai ya riƙa ɗiba nan ya ɗiba can, yana gumi.

Bayan an kwashe kwanuka dattawan layi suka ce sai a ba su labari daga bakin mai shi. Ya ce shi bai iya ba da labari ba, Saje ya fara. Yaya ya gyara zama. Ya faɗi yadda motarsu ta kafe, yadda wuta ta taso daga cikin bishiyoyi ta gefe biyu, yadda mai rediyonsu ya yi ta kira ana ce masa babu jirgin da zai iya sauka a wurin. Ya ce sun riga sun fara yafe wa juna, sai suka ji ƙarar farfela. Jirgin ya zo, aka buɗe masa wuta, ya karkace ya juya ya ɓace a bayan bishiyoyi.

"Wallahi da ya juya, na ce shi ke nan," in ji Yaya. "Ban ga laifinsa ba. Ko ni ne zan juya."

"Ban tafi ba," in ji baƙon. "Ta sama na zo, suka gan ni tun daga nesa. Sai na ce wa mataimakina mu bi ta cikin kogin."

Ya nuna mana da hannunsa a kan tabarma. Ya ce ya sauko ƙasa-ƙasa, ya bi kwarin kogin kamar kwalekwale, bishiyoyin gaɓa sun fi shi tsawo, ruwa na tashi a ƙarƙashinsa. Akwai wani ɗan tudun yashi a tsakiya, bai fi tsakar gidanmu ba. A nan ya ɗora jirgin, bai ma sake masa nauyi duka ba don kada ya nutse, ya riƙe shi yana rawa. Mai bindigar da ke bakin ƙofa yana mayar da wuta, sojoji suna jawo masu rauni ta cikin ruwa har gwiwa.

"Kana jin harsashi yana bugun jikin jirgin," ya ce, "kamar ana jifan kwanon rufi da tsakuwa. Gilashin da ke wajen ƙafata ya fashe. Mataimakina ya ce mini an same shi a hannu, amma in ci gaba, zai iya duba mini allurar na'urorin jirgin."

Wani dattijo ya ce, "Ba ka ji tsoro ba?"

"Baba, gwiwata ce take rawa har tana bugun ƙarfe. Na ce mata ta bari sai mun je gida. Aka ce mini saura mutum ɗaya, yana da nisa, ana jansa. Duk jikina yana cewa in tashi. Mai bindigar ya ce, Oga, ga su nan, ga su nan. Shi ne ya riƙe ni a wurin, ba jarumtata ba. In da ya ce ba ya ganinsu, ban san abin da zan yi ba."

Mutum ɗayan nan Yaya ne. Aka jefa shi ciki, jirgin ya tashi yana tsiyayar mai, bai kai sansani ba sai a filin ƙwallon wata makaranta ya sauka, inda motar asibiti ta same su.

Inna ta rufe fuska da mayafi. Kawu ya dafa kafaɗar Yaya ya ce, "Shi ma namu ai namiji ne. Ya ce ko tari bai yi ba."

Baƙon ya dubi Yaya. Yaya ya dubi ƙasa. Na ga gefen bakin mutumin yana motsi.

"Sa, don Allah," in ji Yaya.

"Mama," baƙon ya ce wa Inna, "jirgin nan idan yana aiki, ko mutum ya yi maka ihu a kunne ba ka ji. Ga hula a kaina, ga harbi. Amma sai da na tambayi mai bindiga wace ce Inna, don akwai wanda yake kiranta tun daga bakin ruwa har muka sauka."

Gidan ya kece. Kawu ya faɗo daga kujerar roba. Maman Biyu ta riƙe ciki ta zauna a ƙasa. Yaya ya ja hula ya rufe fuska yana cewa zafin ciwo ne, ba ya cikin hayyacinsa. Inna kuwa ta miƙe tsaye, ta gyara ɗaurin kallabi, ta dubi matan layi ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Kun dai ji da kunnenku." Sai ta taka rawa, Inna da ban taɓa ganin ta yi rawa ba ko a bikin 'ya'yanta, ta zagaya turmi sau biyu, mata na tafa mata.

Daga nan komai ya rikice. Kowa yana son hoto da shi. Kawu ya tambaye shi ko jirgin yana da giyar baya, ya ce yana tafiya da baya, har da gefe ma, Kawu ya ce to shi ya yi asarar rayuwarsa a kan mota. Wata tsohuwa ta ce ya taimaka ya sauke ta a Makka in zai wuce. Inna ta shiga ɗaki ta fito da babbar rigar marigayi Babanmu, mai aiki a wuya, da hularsa, ta ce sai ya sa. Ya sa, rigar ta haɗiye shi, hannuwan suna jan ƙasa, hular ta sauko har gira. Ya tsaya a tsakar gida a haka ya sara wa Inna. Hoton yana nan a wayata, duk ya girgiza, don dariya nake yi sa'ad da na ɗauka.

Bayan la'asar ya ce zai kama hanya. Inna ta cika masa jaka da dambun nama da soyayyen rago da ƙunshin masa. Ya roƙi alfarma ɗaya, cewa kada Kawu ya wahalar da kansa. Muka tari keke mai ƙafa uku, ni da Yaya muka raka shi Diko.

Da muka sauka na nufi wajen motocin Kaduna, sai ya ce, "A'a Malama, ta Minna zan shiga."

Yaya ya tsaya. "Minna, Sa?"

"Kafin Minna. Wani ƙauye ne a hanya." Ya gyara jakar a kafaɗa. "Kofur ɗin da aka fara sakawa a jirgin. Ka san bai kai filin ƙwallon da rai ba. Na samu kwatancen gidan mahaifiyarsa. Ban san abin da zan ce mata ba, amma na ce tun da na zo nan, ba zan koma ban je can ba."

Ban taɓa jin zancen kofur ɗin nan ba. A duk labaran da Yaya ya ba mu, bai taɓa ambatonsa ba. Na dubi Yaya, na ga fuskarsa ta canza.

"Ɗakinmu ɗaya da shi a bariki," ya ce. "Tun da na dawo nake cewa zan je. Na kasa."

Ɗan kamasho yana ta ihu saura mutum biyu. Yaya ya dube ni, ya dubi motar. Ya ciro makullin ɗakinsa daga aljihu ya sa mini a hannu.

"Ki ce wa Inna sai gobe."

"Yaya, ko kayan sawa ba ka ɗauka ba."

"Ba biki za ni ba."

Baƙon ya riƙe masa sanda har ya shigar da ƙafar da ba ta lanƙwasuwa, sannan ya shiga ya zauna kusa da shi, suka matsu su huɗu a baya. Motar ta tashi, na tsaya har ta sha kwana.

Na koma gida ni kaɗai, na tarar ana wanke tukwane, ana mayar da kujerun aro. Inna ta leƙa bayana ta ce ina yayan naki. Na faɗa mata duka. Ta zauna a bakin rijiya, hannunta da kumfar sabulu.

"Uwar tana da rai, aka ce?"

"Haka ya ce."

"Kuma kuka bar su suka tafi mata da ragowar abinci." Ta ɗauraye hannu ta miƙe. "Jiƙa mini shinkafa. Cinyar ragon nan da na ɓoye, fito da ita. Ki kira Yayanki ya yi miki kwatancen garin, ki kuma gaya wa kawunki ya zo da mota da sassafe, ni ma za ni."

Na ce, "Inna, motar Kawu?"

Ta ce, "Zan zauna a gaba. Bai isa ya yi gudu ina ciki ba."